Kaza da Ƙaiƙayin Kakanmu Barmo

Dalilin da ya sa kaza ba ta barin shimfiɗar akurkinta ta zauna lafiya, ku matso ku ji, amma kada ku kai waje, don abin kunyar na gidanmu ne.

A da kaza ba ta tono. Abin da ta gani a fili shi take tsattsaga, ƙafarta kuwa tas.

To, akwai kakanmu Barmo, mutum ne mai rowa da ganin ya fi kowa wayo. Kun ga inda na gado. Ana dab da damina, maƙwabcinsa Jatau ya zo roƙon irin gero. Barmo ya ce ko ƙwaya ba shi da ita, ya ce a leƙa rumbu ma in ana so. Alhali irin na cikin wani tsohon buhu, Barmo yana nema masa maɓoya.

Ran nan matarsa Ladi ta ce, "Malam, akurkin nan sanyi zai kashe 'yan tsaki. Ka ɗebo yashi, in barbaɗa toka."

"Yashi? Haba! Ƙaiƙayi ya fi ɗumi."

"Ƙaiƙayi ai in ya jiƙe ruɓewa yake yi."

"Ke dai ki zuba ido."

Ba ɗumin ne ya dame shi ba. Rami ya haƙa a akurkin, ya tura buhun, ya lulluɓe da ƙaiƙayi. Wa zai nemi iri a ƙarƙashin kaza?

Ashe buhun a huje yake. Kaza ta taka, ƙwaya ta fito. Ta ja ƙafa baya, wasu suka biyo. Sai ta kira 'ya'yanta, aka duƙufa.

Da ruwan shuka ya sauka, Barmo ya zura hannu, sai buhu fayau! Kaza kuwa ta yi ɓul-ɓul, da ƙyar take tafiya. Haka ya ɗauki ƙoƙo, yana jan ƙafa, ya yi sallama a ƙofar Jatau. Jatau ya auna masa iri, ya miƙa masa. Wallahi gara ma da ya zage shi.

Shi ya sa har yau, ko yashi ka zuba wa kaza, ko buntun shinkafa, ko garin katako, sai ta tone shi kaf, ko an sake samun wani mai wayo. Jiya ma na shimfiɗa wa tawa sabon buntu. Ta karkata kai ta ƙare mini kallo, sannan ta hau tono ba ji ba gani. Ta gane ni jikan wane ne.