Ƙwaryar Wake a Bakin Madafa

Ran Talata, tara ga watan Yuni, gari ya waye da baƙin hadari a gabas, bayan wata guda ba a ga ɗigon ruwa ba. Akwai wani manomi a wani ƙauye, yana zaune gida ɗaya da matarsa Afiniki, da 'yarsu tilo Tabita, da ƙanensa Gayus. A safiyar nan ya ce wa ƙanen ya gauraya irin wake da maganin ƙwari, domin su shuka da zarar ƙasa ta jiƙa.

Gayus ya gauraya. Bai ko wanke hannu ba sai ruwa ya goce, ya tuna awaki suna ɗaure a waje. Ya dire ƙwaryar a bakin madafa, ya ruga. Da ruwa ya tsagaita suka tafi shukar dawa, waken kuwa ya manta da shi.

A ƙauyen nan mata sukan ajiye waken ci a cikin toka. Da Afiniki ta ga fari-fari a jikin waken, ta ɗauka toka ce. Ta wanke, ta dafa. Tabita ce ta fara ci, gama ba ta iya jiran manya su dawo daga gona. Kafin faɗuwar rana yarinyar ta rasu.

Da aka dawo daga kabari, Gayus ya durƙusa a gaban wansa, ya ce, “Yaya, ka gafarta mini.”

Manomin ya ce, “Wa kake kira yaya? Awakinka sun tsira, sai ka je ka zauna da su.”

Gayus ya ɗauki jakarsa, ya tafi wani gari mai nisa.

Shekara bakwai manomin bai fasa zuwa sujada ba. Amma in jama'a suna addu'a suka kai wurin gafarta wa masu yi mana laifi, sai ya rufe bakinsa. Ba da Gayus kaɗai yake fushi ba. A ransa yakan ce wa Allah, “Kai da ka riƙe ruwan nan wata guda, ƙara ɗan lokaci kaɗan ne ya gagare ka?” A gida kuwa ba a dafa wake bai zagi ƙanensa ba.

A damina ta takwas yana gauraya irin wake da magani da kansa a tsakar gida, sai iska ta taso ta yaye jinkar rumbu, ruwa kuma yana tafe. Ya ajiye ƙwaryar inda hannunsa ya kai, ya haye rumbun. Da ya sauko ya tarar da Afiniki tsaye a bakin madafa, ƙwaryar a hannunta, tukunya tana tafasa a bayanta.

Ta ce, “Maigida, wannan na ci ne ko na shuka?”

Ya dubi ƙwaryar, ya dubi hannuwansa, fari fat da magani.

Ta ce, “Tun ranar nan ban ƙara dafa wake ban tambaya ba. Shekara bakwai kana zagin Gayus a gabana. Shi ajiyewa ya yi. Ni na dafa, ni na zuba mata. Duk zagin da ka yi, a kaina ya sauka.”

Ya zauna a kan turmi, ruwa yana dukansa, bai tashi ba. Kashegari ya yago takarda ya rubuta: “Gayus ƙanena, hannuna ya yi abin da naka ya yi. Ka gafarta mini, ka dawo gida.” Ya sa ta a aljihu, ta yi mako uku a can.

Ma'anar wannan misali ita ce: ƙwaryar nan duniya ce tun bayan faɗuwar mutum, inda abinci da mutuwa sukan zo da kama ɗaya. Manomin kuwa mu ne, mu da muke zaton laifin da aka yi mana ya fi ƙarfin hannunmu, alhali ba a gwada mu ba ne tukuna. Me ya sa Allah ya tsai da ƙwarya ta biyu, bai tsai da ta fari ba? Ban sani ba, ba kuwa zan ƙaga muku amsa ba. Abin da na sani shi ne, ranakun nan biyu duk a hannunsa suke, shi da bai hana Ɗansa hawa gicciye saboda masu laifi ba. Gafara ba za ta buɗe kabarin Tabita ba. Amma rashin gafara ma bai buɗe shi ba, sai dai ya binne mutum uku da ransu. In akwai wanda kuka rufe baki a kansa cikin addu'a, ku duba wa yake shan ɗacin tare da shi a cikin gidanku.

Shi kuwa manomin, ran kasuwa ta huɗu ya taka har gidan waya. Takardar ta yi laushi da gumi, ya miƙar da ita a kan gwiwarsa, ya manna kan sarki. Bai san ko Gayus yana can garin da ya tafi har yanzu ba, bai ma san ko yana da rai ba. Ya jefa ta a akwatin.