Ungulu Uku a Bayan Mayanka

Akwai wani mahauci a Kasuwar Shanu ta Potiskum, Shehu, wanda bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi. Mutumin nan ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya sami wanda zai tsokana.

Wadda ya fi sa wa ido ita ce Dakta Fanne, malamar jami'a da ta shekara bakwai tana zuwa bayan mayanka da littafinta, tana ƙirga ungulaye, tana rubuta abin da suka ci da yadda suka ci. Da ta fara sun haura ɗari biyu. Bana saura talatin da ɗaya.

"Malamar ungulu!" haka yake ɗaga mata murya. "Duk bokon nan a kan tsuntsun da ko miya ba a yi da shi ya ƙare?"

Sai ta yi murmushi ta wuce.

To, ranar walimar saukar Alƙur'ani ta 'yarsa Murjanatu, wani sa da aka kawo masa daga wajen Damagum ya wayi gari yana dalalar da yawu, jiki na rawa. Kun san mahauci, da dabba ta fara shure-shure hannunsa ya kai wuƙa, kada ta zama mushe. Ya ce wa kansa gajiyar hanya ce. Ya yanka, ya feɗe, ya watsar da dattin tumbi a gindin darbejiya, ya aika da naman gidansa a unguwar Dogo Nini.

Wajen ƙarfe goma sai ga Dakta Fanne a guje, mayafi a hannu.

"Malam Shehu, tumbin da aka zubar a gindin darbejiya, na wace dabba ne?"

"Na sana ne. Yau kuma shanu za ki fara ƙirgawa?"

"Ina naman?"

"Yana kan wuta, walima muke yi."

"Innalillahi! Kira gida, kada kowa ya kai shi baki."

Mahauta suka tsaya cak. Ran Shehu ya ɓaci. "Ni za ki tozarta a gaban jama'a? Shekara talatin ina fawa!"

"Ka zage ni daga baya. Zo ka gani."

Ungulu uku ne a ƙasa, wuya ya lanƙwashe, kumfa a baki, ƙafafu sun ƙanƙame.

"Ruɓaɓɓen nama ba ya kayar da ungulu," in ji ta. "Guba ce take yi musu haka. Sau huɗu ina ganin irin wannan, duk maganin feshin gona ne. San da ka yanka ya ci shi, kuma ba lallai dahuwa ta kashe shi ba."

Shehu ya tuna yawun nan na safe. Ya tuna kuma a gidansa hanta ta Murjanatu ce tun tana ƙarama, ita ake fara soyawa.

Ya kira matarsa Suwaiba, ba ta ɗauka ba. Ya sake kira. Shiru. Ya haye babur, sai ga tirelar shanu ta gitta bakin kasuwa. Ya kutsa ta gefen kwata yana salati, takalmi ɗaya ya faɗi, ko waiwaye bai yi ba.

Ya faɗa gida ba sallama. Mata sun cika tsakar gida, tukwane na tafasa. Ga Murjanatu cikin farin hijabi, farantin hanta a cinyarta.

Ya buge farantin. "Kin ci? Murja, kin ci?"

"A'a Baba. Ai ka ce in jira ka, tare za mu ci."

Nan Shehu ya zauna daɓas a ƙasa, ƙaton mutum, yana kuka kamar yaro. Suwaiba ce kaɗai ta ɗanɗana romo. Dakta Fanne da ta biyo shi a keke napep ta wuce da ita asibiti, Suwaiba ta kwana tana amai, Allah ya sa da sauran kwana. Daga baya mai san ya tabbatar dabbar ta faɗa wata gonar wake da aka yi wa feshi.

Baƙi shinkafa da mai da yaji suka ci. Naman kuwa rami mai zurfi aka haƙa aka binne, yadda Dakta ta ce, don kada kare ko ungulu su kai gare shi.

Bayan kwana biyu Shehu ya same ta a gindin darbejiya, ya rusuna.

"Dakta, ki yafe min. Ungulayen saura nawa yanzu?"

"Ashirin da takwas."

Tun daga ranar, mahautan layinsu ba sa yanka dabba mai dalalar yawu sai likitan dabbobi ya duba. Wanda kuma ya ɗauki dutse zai jefi ungulu, to, da Shehu zai haɗu, kuma kun dai san bakinsa.

Darasi: Kada ka raina ilimin da ba ka ga amfaninsa ba tukuna, kada kuma ka raina halittar Allah don muninta. Wadda kake yi wa dariya yau, ta yiwu ita ce za ta ceci 'yarka gobe. Ku tura wa 'yan uwa, musamman mahauta, makiyaya da manoma masu feshi.