Ruwa da Asid a Zauren Malam Nadabo

An ce wai a wani gari an yi wani tsohon malamin ilimin sinadarai, wanda 'yan makaranta ke kira kemistiri, sunansa Malam Nadabo. Ya koyar har alli ya ci masa yatsu, sannan ya ajiye aiki ya koma zaurensa yana kiwon tattabaru. Cikin ɗaliban da suka bi ta hannunsa akwai biyu da yake ji da su kamar 'ya'yan cikinsa, Kubura da Sallau. Taubasai ne, ita 'yar namiji, shi ɗan mace, saboda haka tun suna ƙanana ba ta da sunan da take kiransa sai bawanta.

Kubura ta zama malama. Da ta ga makarantun ƙauye da yawa ba su da mai koyar da kemistiri, sai ta shiga ɗaukar darussa a bidiyo tana sakawa a intanet, don yaran babbar sakandare su kalla a waya ko a allon makaranta. Darussa ne masu ɗanɗano. Ta kan fara da sabulun da ake dafawa a tsakar gida, kafin yaro ya ankara ta kai shi can cikin zurfin karatu. Sai dai kowane darasi dogo ne, kuma ta jera su yadda ranta ya so: abin aji uku ya rungumi na aji ɗaya, na zangon ƙarshe ya riga na zangon farko.

Sallau kuwa ya zama jami'i a ma'aikatar ilimi ta jiharsu. Shi ke kula da manhaja, wato tsarin da ya faɗi abin da za a koyar a kowane aji da kowane mako, kuma daga cikinsa ake fitar da jarrabawa. Ba a nuna darasi a makarantun gwamnati sai da sa hannunsa. Aikin Kubura ya zo gabansa, ya duba, ya ƙi sa hannu. Ga hutu ya kusa ƙarewa, ga yaran ƙauye za su koma aji babu malami babu bidiyo.

Da gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai suka ɗunguma wurin malaminsu da hantsi, suka yi alkawarin duk abin da ya yanke sun karɓa.

Kubura ta fara. "Malam, bawan nan nawa ya samu kujera mai juyawa ya manta uwar gijiyarsa. Na ce masa duk abin da manhaja ta ƙunsa wanda babu a darussana, ya kawo in cusa a ciki. Ya ƙi."

Sallau ya ce, "Allah ya gafarta Malam, cusawa take cewa, sai ka ce buhun gero. Yaron aji ɗaya zai zauna ya sha karatun aji uku, ya ji daɗi, ya yi tafi, ranar jarrabawa a tambaye shi abin da uwar ɗakina ba ta iso ba tukuna. Wa zai faɗi? Ita ko shi? Ni dai ta goge, ta sake ɗauka daga farko bisa manhaja, layi bayan layi."

"In goge? Wallahi gara in kwashe kayana in bar muku. In na karanta manhajarka layi bayan layi, har tattabarun Malam sai sun yi barci."

Malam Nadabo ya shafa gemu. Ya san Sallau bai yi ƙarya ba, domin ya sha ganin yaro mai ƙwaƙwalwa ya faɗi saboda an koya masa abu mai kyau a lokacin da ba nasa ba. Ya kuma san halin Kubura: in ta ce za ta kwashe, za ta kwashe, kuma ba za a samu mai irin bakinta nan kusa ba. Duk wanda ya ba gaskiya cikinsu, yaran ƙauye ne za su kwana a ciki.

Can sai ya ɗaga kai ya ce, "Ku miƙe tsaye."

Suka dubi juna. Babban jami'i da babbar malama suka miƙe, hannu a baya, kamar an dawo da su aji.

Ya ce, "Ga asid mai ƙarfi a kwalba, ga ruwa a mazubi, ana so a haɗa. Wanne ake zubawa cikin wanne?"

Suka amsa baki ɗaya, har da muryar haddar yara, "Asid cikin ruwa, Malam, kaɗan-kaɗan, ana motsawa!"

"In aka juya fa?"

Kubura ta yi caraf ta ce, "Ya tafasa ya fantsama a fuskar mutum. A tambayi bawana, shi da ya koma gida da riga kamar rariya."

Sallau ya ce, "Ke kika tsaya kina dariya maimakon ki kawo ruwa."

Malam ya ɗaga hannu suka yi tsit. Ya ce, "To ku saurara. Kubura, darussanki su ne asid. Suna da ƙarfi, suna ci, kuma ba don su ba ruwan nan ruwa ne kawai, yaro ya sha ya tashi bai ji komai ba. Sallau, manhajarka ita ce ruwa. Ba ta da ɗanɗano, kada ka ji haushi, amma ita ce mai yawa, ita ce a zaune cikin mazubin da dukan yaran jiha ke sha. Ke kina so a kwarara ruwa cikin asid, ya fantsama a idon yara ranar jarrabawa. Kai kuma kana so a zubar da asid a kwata don tsoron ƙuna. Duk cikinku babu wanda na koya wa haka."

Ya gyara zama ya ci gaba. "Ba za a goge ko darasi ɗaya ba. Amma za ki yanka su gutsure-gutsure, kowane gutsure ki ɗiga shi a makon da manhaja ta ajiye masa. Inda yankan ya bar giɓi, ki ɗauki ɗan gajeren bayani ki cike. Wannan naki ne."

Kubura ta ce, "Aiki ne, Malam, amma na ɗauka. Shi fa? Ya sa hannu ya koma shan iska a ofis?"

"A'a. Haɗi ba ya yiwuwa sai da mai motsawa. Sallau zai sa hannu kafin a koma makaranta, sannan ya bar kujerar nan ya bi ƙauyuka da ƙafarsa, ya zauna a bayan aji ya ga yadda abin ke shiga yara. Inda ya ji mazubi ya ɗau zafi, ya ce miki ki sassauta. Inda ya ga manhajar ce ta sa gini kafin tushe, ya kai magana ma'aikata da bakinsa."

Kubura ta tafa hannu. "Alhamdu lillahi! Bawana ya samu ƙarin girma, ya zama muciya!"

Sallau ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Na yarda, Malam. Amma a shaida, da bakinka ka ce ita ce mai ƙona mutane."

Aka koma makaranta, yaran ƙauye suka tarar da darasin kowane mako yana jiransu a makonsa, da muryar Kubura da barkwancinta ba abin da ya ragu.

Shi ya sa in sabon abu mai ƙarfi ya zo wa tsohon tsari, kada a tsaya musun wanda ya fi. A tambayi wanda za a zuba cikin wani, a zuba a hankali, kuma wanda ya fi kowa tsoron ƙuna shi za a ba motsawa.