Ɗantsoho da Ƙeranar Dije

Malam Ɗantsoho manomin albasa ne a Aliero, shekara talatin yana dashe bai taɓa jin kunya ba. Mutum ne mai son sanin yadda kowane tsiro yake rayuwa, wannan kuwa ba laifi ba ne. Aibinsa ɗaya: yakan yi tambaya, amma idan amsar ta saɓa wa abin da ya sani a gonar albasa, sai ya yi dariya ya yi gaban kansa.

Wata rana ƙanwarsa Dije ta zo daga Jandutsi, za ta Maiyama jegon 'yarta na kwana arba'in. Ta kawo masa ajiyar wata 'yar ƙerana, irin tsiron nan mai ƙaya, a tukunyar ƙasa. Ɗanta Ridwan ne ya kawo mata daga Jos, shekara guda kafin hatsarin mota ya ɗauke shi. Ita kaɗai ta rage mata mai rai cikin kayansa.

"Yaya, ka aje ta inuwa kawai," in ji Dije. "Don Allah kak ka yi mata komi."

Tun da ta tafi Ɗantsoho ya kasa ɗauke ido daga tukunyar. Tsiro ɗaya, amma kai daban, gindi daban! A sama wani kore ne kewayayye kamar ƙaramar albasa mai ƙaya, a ƙasa kuma wani dogon kara ne ya ɗauke shi. Ya zagaya ta, ya tsuguna, ya leƙa mahaɗin. Shin na saman ba zai iya yin saiwarsa ba?

Ranar kasuwar Jega ya ɗauki tukunyar a babur ya kai wa Murtala mai sayar da dashen itatuwa.

"Aure anka yi musu, awa na mangwaro," in ji Murtala. "Tunda kan kore na, shina iya zama da gindinai. Amma in ka yanke, ka bar shi inuwa kwana bakwai, ciwon shi bushe. Sannan ka aza shi bisa busasshen rairai. Ruwa kau, sai bayan mako biyu."

Ɗantsoho ya bushe da dariya. "Dashe babu ruwa? Murtala, tun ba a haihe ka ba nike dashe!"

Da ya koma gida ya wasa wuƙa ya raba su. Ya cire karan ya jefa a juji, aka ƙone da shara. Ya cika tukunyar da baƙar ƙasar fadama da takin awaki, ya dasa kan nan take da ɗanyen ciwonsa, ya kwarara masa ruwa. Safe da yamma yana ba shi, kamar yadda yake yi wa irin albasa. Har yana raya wa ransa irin murnar da Dije za ta yi.

Kwana biyar kan ya fara rawaya daga ƙasa. Ɗantsoho ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa. A kwana na goma ya taɓa shi, yatsa ya nutse, wani wari ya taso. Ya garzaya Jega, Murtala ya duba ya ce ruɓa ta riga ta kai tsakiya, da ma karan yana nan da an gwada ceto wani abu.

Da Dije ta dawo, ko ruwa ba ta sha ba ta tambayi ajiyarta. Ɗantsoho ya miƙa mata tukunyar, ya faɗa mata gaskiya, kansa a ƙasa. Ta leƙa cikin tukunyar.

"To ina gindin, Yaya?"

"Na ƙone shi."

Ba ta yi faɗa ba, ga shi da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta zubar da ƙasar a gindin darbejiya, ta wanke tukunyar tas, ta naɗe ta a mayafinta. A bakin ƙofa ta ce, "Da ka bari na dawo, Yaya, ko ban kwana in yi da ita."

Ya kai mai karatu, son sani abu ne mai kyau, amma ba a gwaji da amanar wani. Kuma gwanintarka a abu ɗaya ba ta sa ka zama gwanin komai. Abin da ke raya albasa shi ya kashe ƙerana. In ka tambayi wanda ya sani, to ka saurara masa, domin akwai ɓarnar da ban haƙuri ba ya gyarawa.