Bijiman Malam Ɗantala a Bakin Teku

A Janbako an yi wani mutum mai suna Gidaɗo, wanda bai taɓa cewa "ban sani ba." Ba malalaci ba ne, ba kuma maƙaryaci ba, sai dai a wurinsa tambaya faɗuwar girma ce.

Mahaifinsa, Malam Ɗantala, ya shekara biyu yana kiwon bijimai huɗu da dusa da harawa. Burin tsohon ɗaya ne: ya sayar da su ya sayi injin ban-ruwa, don gonarsa ta Bakolori ta daina ƙonewa da rani. Mahautan Talata Mafara sun taya, Gidaɗo ya ce raini ne. Ya dage sai da tsohon ya yarda aka ɗora shanun a tirela zuwa wani gari na bakin teku.

Gidaɗo ya sauka gidan Malam Isa, wani mutumin Bakura da ya shekara ashirin a can. Ya tarar garin ya ɗinke da kiɗa. Mutane sun rufe fuska da fentin launi-launi, sun sa hulunan gashin tsuntsu, wasu na rawa a kan dogayen sanduna, ko'ina hayaƙin gashin nama. Malam Isa ya ce bikin kwana uku ne da Kiristocin garin ke yi kafin su shiga azuminsu na kwana arba'in.

Kalmar azumi kawai Gidaɗo ya ji. Ya tuna yadda ake layin tsire a Mafara bayan shan ruwa, ya yi murmushi.

Mahauta suka zo ranar Lahadi, suka dawo Litinin, suna ta ƙara kuɗi. Ya ƙi.

"Gidaɗo, ka sallama musu yau," in ji Malam Isa. "Azumin mutanen ga ba irin namu ba na. Bari in hwaɗa maka..."

"Haba Baba Isa! Ni za a koya ma azumi? Ko'ina duniya, azumi shi ka tada nama."

Dattijon ya sake buɗe baki, Gidaɗo ya tashi ya tafi kallon masu rawa.

Ranar Laraba gari ya waye tsit. Mutane na fitowa daga coci da toka a goshi, mahauta sun wanke tebura sun kife. Da Gidaɗo ya tare mahaucin da ya fi matsa masa ranar Litinin, mutumin ya nuna masa kwale-kwalen masunta.

"Yanzu lokacin kifi ne. Yawancinmu mun bar nama sai bayan Ista, ƙarshen azuminmu. Ai shi ya sa muka ci shi kwana uku."

Duk da haka kunyar komawa ta sa Gidaɗo ya zauna jiran ƙarshen azumin. Shanun arewa ba su san ƙudan tsando da laimar teku ba; sammore ya kama su. Biyu suka mutu, biyun da suka rage ya sayar da su a rame, abin da ya samu ya ƙare a magani da kuɗin mota.

Ya iso Janbako da igiyoyi huɗu a jaka. Malam Ɗantala yana gona, yana ɗibar ruwa da gwangwani yana zuba wa albasar da ta fara yaushi. Ya dubi igiyoyin.

"Isa ya kira ni," in ji shi. "Ya ce magana guda ya so ka saurara."

Ya miƙa wa ɗansa gwangwanin, ya koma gindin bedi ya zauna, saboda bayansa ya ƙi.

Darasi: Abin da ka sani a garinku ba lalle ne shi ne gaskiyar garin wasu ba. In ka je baƙon wuri, ka saurari wanda ya riga ka zuwa har ya kai aya, domin matambayi ba ya ɓata. Kuma sau da yawa girman kai ba mai shi kaɗai yake kayarwa ba, har da wanda ya amince masa.