Shari'ar Ruwan Rariya

An ce wai a wani gari na kan hanyar fatake, a zamanin wani alƙali da ake kira Malam Isiyaku, an yi wata tsohuwa mai suna Tabawa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata aure ya kai su nesa, ba ta da gona, ba ta da jari, sai wani ɗan fili a bayan ɗakinta wanda bai fi a ɗaure jaki a ciki ba. Amma duk wanda ya leƙa filin nan da rani, lokacin da ko akuya ba ta samun abin tsinka a gari, sai ya riƙe baki. Ga alayyafo, ga yakuwa, ga lansir da albasa, ga tattasai ya yi jawur, ga daddoya da na'a-na'a a gindin katanga suna ta ƙamshi. Da wannan take miya, da shi take samun na gishiri da daddawa, kuma albarkacinsa ba ta taɓa tsayawa a ƙofar kowa tana roƙo ba.

Asirin lambun nan ba wani abu ba ne illa rariya. Maƙwabcinta Shekarau fatoma ne, wato mai saukar da fatake, gidansa ba ya rabo da baƙi, kuma yana da rijiya a tsakar gida. Ruwan alwala da na wanke-wanke da na wanki duk gangarowa suke, su bi ta rariyar da ke gindin katangar da ta raba gidajen biyu, don can ƙasa ta karkata tun da aka kafa unguwar. Da wata ce, da kullum tana bakin katanga tana mita, wai ana turo mata ƙazanta. Tabawa kuwa sai ta haƙa ɗan rami a bakin rariyar, ta zuba tsakuwa da gawayi don ruwan ya kwanta ya tace, sannan ta ja 'yan hanyoyi da fartanya zuwa kowane fangali. Duk sa'ad da ta ji ƙarar guga a gidan Shekarau sai ta ce, "Allah ya ƙaro baƙi." Duk abin da ya fara nuna kuma, sai ta miƙa wa Ladidi, matar Shekarau, ta kan katanga.

Ana nan sai wani falke ya sauka a gidan, mutumin can ƙasar rairayi, inda ake zare takobi a kan salkar ruwa. Yana bisa raƙumi ya hango koren lambun, ya tambaya aka gaya masa. Ya dubi Shekarau ya ce, "A wurinmu mai rijiya shi ne mai gona. Kai ka haƙa, yaranka na ja, wata na cin ganye?" Shekarau ba mugu ba ne, a gaskiya, amma mutum ne mai saurin hawa zuga. Maganar ta kwana tana cin sa. Da safe ya yi sallama da tsohuwar ya ce, "Iya, daga yau rabin abin da lambun nan ya fitar nawa ne."

Tabawa ta ce, "Fatoma, ka aiko a tsinki duk abin da tukunyarka take so, ba zan hana ba. Amma rabi kullum, in na ba ka, ni da me zan rayu?"

Ya kaɗa riga ya tafi, bai zame ko'ina ba sai gaban alƙali.

Da aka zauna, Malam Isiyaku ya saurari mai ƙara har ya gaji da magana, sannan ya juya ga tsohuwar. "Iya, ruwan na wane ne?"

"Nasa ne, Allah ya gafarta Malam. Ban taɓa jan guga ko ɗaya a ciki ba. Shekara da shekaru ina sha a ƙarƙashinsa, kuma na gode."

'Yan kallo suka dubi juna, suka ce tsohuwa ta kashe kanta da bakinta. Alƙali ya tambayi Shekarau ƙasar fa, da irin, da aikin. Ya ce nata ne, bai musa ba. Amma ya ƙara da cewa, "In ba a ba ni rabi ba, Allah ya gafarta Malam, sai in toshe rariyata. Ai ba dole."

Nan fa shari'a ta tsaya a wuya. In alƙali ya ba shi rabi, ya ba mutum abin da bai shuka ba. In ya hana shi, zai toshe ruwa, lambu ya mutu, tsohuwa ta tashi da gaskiya a hannu da yunwa a ciki. Malam Isiyaku ya tambayi yadda gidajen suke zaune, aka kwatanta masa. Sannan ya ce:

"Shekarau, ba ka da rabo a ganye, domin ba ka shuka ba. Tabawa, ba ki da haƙƙi a ruwa, domin ba ki haƙa ba. Ka ce za ka toshe, to ka toshe, ikonka ne. Sai dai dukiya mai ita ke tsaron ta. Ruwanka ya zauna a gidanka. Kada ɗigo ya shiga gidan wannan baiwar Allah, kada kuma ya fita kan hanya inda mutane ke bi zuwa masallaci. Kuma tunda a gabana aka yanke toshewa, ba mai buɗewa sai an dawo gabana."

Shekarau ya fita yana murmushi. A lissafinsa, da zarar ganye ya fara langaɓewa tsohuwa za ta zo da kanta ta miƙa rabin. Ya sa aka kwaɓa laka aka cushe rariyar tam.

Tabawa ta koma gida. Ba za a ɓoye ba, ta ji haushin alƙalin nan ƙwarai, ta ce a ranta ashe shi ma mai babbar riga yake gani. Ta ɗauki tulu ta nufi rijiyar bakin kasuwa, ga nisa ga tsufa, abin da take iya kawowa bai isa ko kusurwa ɗaya ba. Dole ta zaɓi wanda za ta raya. Ta bai wa daddoya, ta bai wa tattasan da ta bari don iri, sauran ta kau da kai. Alayyafo ya fara kwantawa, lansir ya bushe ƙurmus. Ranar da ta tuge shi ta zubar, ta zauna a bakin fangalin ta yi kuka, domin ta san in lambun nan ya tafi, abin da ya rage mata shi ne bara.

Amma tana cikin wannan hali sai ta fara jin wasu abubuwa ta bayan katanga. Yau ta ji an zame an faɗi tim, gobe ta ji Ladidi na faɗa, wai tsakar gida ta koma fadama. Shekarau ya sa an haƙa rami, ƙasar gidansa laka ce, ba ta shan ruwa, ramin ya cika ya tumbatsa. Ya sa barori su riƙa kwasa suna kaiwa bayan gari, suka yi suka gaji suka gudu. Ya so ya ce a rage zubar da ruwa, to wa zai ce wa baƙo kada ya yi alwala? Wari ya tashi, sauro ya yi sansani. Abin da ya fi muni, danshi ya kama gindin ɗakin ajiya, inda fatake ke jibge gishiri da kanwa, kayan mutane suka fara narkewa. Falken nan mai zuga shi ne farkon wanda ya ɗaure kayansa ya koma gidan wani fatoma, ko sallama bai yi ba.

Ba a daɗe ba aka aiko kiran Tabawa. Ta tarar da Shekarau gurfane gaban alƙali, ya rame, gefen rigarsa duk taɓo. Yana cewa, "Allah ya gafarta Malam, a yi mini izini in buɗe. Na janye maganar rabi."

Malam Isiyaku ya ce, "Wannan izini ba a hannuna yake ba. Rariya taka ce, amma ƙasar da za ta sha ruwan ba taka ba ce. Ka zo nan kana ganin kai ke bayarwa ita ke karɓa, ba ka taɓa tambayar kanka ina ruwan nan zai je ba in ba ta karɓa ba. Shekarun nan duka ita ke ɗauke maka abin da yau ya kore maka baƙi, ba ta nemi lada ba. Ga ta nan. In ta ga dama ta ƙi, in ta ga dama ta sa maka sharaɗi, ni kuwa zan tabbatar mata da shi."

Sai a lokacin Tabawa ta gane inda alƙali ya dosa tun farko, kunya ta kama ta saboda zargin da ta yi masa a zuci. Kowa na jira ya ji abin da za ta ɗora wa mutumin da ya sa ta kuka. Shekarau bai iya ɗaga ido ba. Ya ce a hankali, "Iya, ki faɗi abin da kike so."

Ta ce, "Fatoma, da ruwanka na ci, da shi na rufa wa kaina asiri tun rasuwar maigidana. 'Yan kwanakin nan ba za su shafe wannan ba. Ba ni da sharaɗi. Abu ɗaya nake roƙo, a buɗe yanzu kafin rana ta take, don akwai sauran yakuwa da ba ta gama mutuwa ba."

Alƙali ya ce a tafi a buɗe. Shekarau bai aiki kowa ba. Shi da kansa ya naɗe hannun riga, ya durƙusa cikin caɓi ya ƙwaƙule lakar da yatsunsa. Ruwa ya ɓalle ya cika ramin tsakuwa, ya bi hanyoyin fartanya ɗaya bayan ɗaya. Tabawa na tsaye a ɗaya gefen tana kallon busasshiyar ƙasa tana sha, hawaye na zubo mata. Can ta ji muryarsa ta cikin rariyar, ƙasa-ƙasa.

"Iya, yana isowa?"

"Yana isowa, Fatoma. Allah ya saka da alheri."

Sai ya ce, "Ni ne da godiya, Iya."

Masu hankali suka ce: kafin ka yi wa mutum gorin abin da kake ba shi, tsaya ka duba yadda za ka kasance ranar da babu mai karɓa, domin sau da yawa wanda ya buɗe hannu ya karɓa ya yi maka alheri daidai da wanda ka yi masa.