Doña Eufemia da Na'urar Injiniya

Akwai wani injiniya mai suna Rigoberto da ya sauka a ƙauyenmu na gaɓar Baja California, yana neman zafin ƙarƙashin ƙasa da za a yi lantarki da shi. Ya binne wayoyi a bakin teku, ya haɗa su da na'urar awo. Mutum ne mai ji da kansa, gaisuwa ma da ƙyar.

Sai na'urar ta fara ba shi ciwon kai. Kullum da rana akwai lokacin da lambobinta ke hargitsewa. Ya lura daidai lokacin ne wata tsohuwa, Doña Eufemia, ke wucewa da bokitinta. Ƙaguwa take kamawa cikin duwatsu ta sayar wa masu abinci, da haka take ci.

Kwana biyar yana leƙenta daga mota yana rubuta lokaci. In ta makara, matsalar ma ta makara. Nan ya yanke hukunci cewa ita ce ke yi wa na'urarsa zagon ƙasa.

Ya kai ƙararta taron ƙauye, ya ce a hana ta bin gaɓar nan.

"Wa ya turo ki, Doña? Nawa aka ba ki?"

"Ɗana, ni ko wayar hannu jikata ke kunna min."

Ba wanda ya yi dariya. An yi wa matasa alkawarin aiki in aka fara lantarkin, sai kowa ya fara yi mata kallon zargi. Har yau abin yana min ciwo, don ni ma hannu na ɗaga aka hana ta.

Ta zauna a gida. Ranar farko na'ura ta hargitse. Ta biyu ma haka, an ƙara kusan awa guda a kan lokacin jiya, kuma ko kare bai bi wurin ba.

A rana ta uku Rigoberto ya tsaya da kansa a gaɓar. Ya ga ruwa yana janyewa, lambobin suna sauyawa tare da shi. Ashe ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki, shigarsa da fitarsa ƙarƙashin rairayi ke ruɗa awon. Tsohuwa kuwa sai ruwa ya janye take fita.

Ya je ƙofar gidanta, hula a hannu, yana kame-kame.

Ta bar shi ya gama tsaf, ta ɗauki bokitinta.

"Injiniya, ka gano mai laifin?"

"Teku ne, Doña."

"To sai ka kira taro a hana shi zuwa. Matsa min, ruwa ba ya jirana."

Darasi: Ganin mutum a wurin da abu ya lalace ba hujja ba ce cewa shi ya lalata. Ka bincika kafin ka raba wani da abincinsa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu saurin zargi irina.